Wasiƙa daga ɗakin gwaji

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya amarya? Wata huɗu shiru, na sani, amma kai ma tun da ka yi aure layinka ya mutu. Dama tambayarka zan yi ko kuna nan tafe da babbar sallah.

Bari in fara ba ka albishir: awon zafin narkewar gilashin nan da nake yi ya fito! Gilashin da ka ce ya yi kama da alawa, jan nan na asenik (sinadari mai guba) da farar wuta, As2S3. Babu yashi a cikinsa ko kaɗan, kuma hasken infared, wanda ido ba ya gani, na ratsa shi, shi ya sa ake yin idon kyamarar gano zafin jiki da danginsa. Ruwan sha bai cika damunsa ba, amma ka jefa shi a ruwan soda, irin wadda Hajiya ke haɗa sabulu da ita, sai ya narke. Sodar ce ke tsinka haɗin asenik da farar wutar, wani asenik ɗin ya kama iskar oksijin, wani ya tafi da farar wutarsa.

Abin da nake bi shi ne zafin narkewar. In narkar da gilashin a kalorimita, wato na'urar awon zafi, in narkar da kiristal ɗinsa, dutsen rawayan nan opimen, a ruwa iri ɗaya. Tunda ƙarshensu ɗaya, ƙa'idar Hess ta 1840 (jimillar zafi ba ta dogara da hanyar da aka bi ba, sai mafari da ƙarshe) ta ce bambancin zafin shi ne ƙarfin da gilashin ya riƙe saboda an sanyaya shi da gaggawa, ƙwayoyinsa ba su samu sun jeru ba.

Wata uku alƙaluma suna ƙin daidaita, har barci ya gagare ni. Ashe iskar ɗaki ce. Soda tana shan kabon dayoksaid, wannan ma zafi yake saki, ga oksijin yana taɓa farar wutar da ta narke. Da na bi ruwan da iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da komai, don ta kori iskar ɗakin, na rufe ruf, sau biyar ina awo, amsa na zuwa kusa da juna. Wallahi sai da na yi sujada.

Af, wai da gaske ƙaninka ya sayar da babur ɗin? Bayan duk rantsuwar da ya yi a majalisa?

Saura gilashin da aka sa seleniyam, sinadari ɗan'uwan farar wuta, a madadin farar wutar. Shi narkewarsa a hankali take, kuma in an daɗe ana jira, awon zafi kan lalace. Ka sa ni a addu'a. Kada ka gaya wa Hajiya da asenik nake aiki, hankalinta zai tashi. Ina sa safar hannu, kuma a akwatin zuƙe iska nake komai.

A gaida amarya, a ce mata garin yajin ya ƙare.

Naka,
abokin zamanka na ɗaki