A duba abincin dabbobin farauta kafin a yi maganar kare su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan raguwar namun daji, inda aka ɗora laifin gaba ɗaya a kan mafarauta. Suna da nasu kason, amma akwai abin da ba a taɓo ba, wato yawan nau'in abincin da dabba mai farautar wasu dabbobi take iya ci, domin shi ne yake sa yawanta ya tsaya daram ko ya riƙa hawa da sauka.

A nan Agege, duk wanda ya bi ta mayankar Oko-Oba da rani zai ga shirwa tana shawagi tana jiran tarkacen nama. Shirwar nan ita ce take surar ɗan tsako a bayan gida, ta kama ƙadangare a kan katanga, idan kuma ruwan farko ya sauka shinge ya tashi, sai ka ga tana cafke shi a sama da ƙafa tana kaiwa baki ba tare da ta sauka ba. Idan abinci ɗaya ya yanke, sai ta koma kan wani, shi ya sa ba ta ƙarewa. Haka kura da damisa suke a daji.

Wadda ta dogara da abinci ɗaya kuwa, rayuwarta tana hannun abincin nan. A Sifaniya akwai wata kyanwar daji da kusan zomo kaɗai take ci. Da cututtuka suka karkashe zomaye, ga kuma ƙarancin daji, sai da yawanta ya koma ƙasa da 100 a shekarar 2002. Sai da aka farfaɗo da zomaye, aka kuma yi kiwonta ana saki, kafin ta haura 2,000 a Sifaniya da Fotugal a 2023. A Kanada ma, 'yar'uwarta tana yawaita tana raguwa tare da zomon daji kusan duk shekara 10.

Sai dai mai cin komai yana da nasa haɗarin, kuma wannan ne ya fi damuna: tunda yunwa ba ta rage yawansa, yana iya ci gaba da cin wata dabba da ta yi ƙaranci har ya ƙarasa ta.

Ina roƙon ku gayyato masanin namun daji ya yi mana bayanin abin da zakunan da suka rage a Yankari suke ci, da halin da abincin nasu yake ciki a yanzu.

Naku,
Mai sauraro daga Agege, Legas