Dashen ƙwai bai kama ba, likita ya ce a daskarar da maniyyin maigidana

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel nake rubuto miki. Don Allah a sakaya sunana, domin a garinmu babu gidan da ba a sauraron shirin nan.

Aurenmu ya daɗe, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Rubutu, sassaƙe, maganin sanyi, babu wanda ban sha ba. Da muka je asibiti a Kano aka duba ni, aka ce mahaifa lafiya lau, hanyoyin ƙwai a buɗe. Sai da aka gwada maniyyin maigidana aka gano inda matsalar take. Likita ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ana son aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, nasa kuwa ko kusa bai kai ba, yawanci ma ba sa motsi. Daga ni sai shi muka san wannan magana. Hajiyarsa har gobe ni take zargi, a gidan suna ana yi mini habaicin juya, yanzu ma ƙarin aure ake matsa masa. Na yi shiru don mutuncinsa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ya sayar da shanun huɗarsa a kasuwar Maigatari, ya haɗa da kuɗin riɗin bara, ni ma na kwashi adashina, aka yi mana dashen ƙwai, irin wanda ake ɗaukar ƙwayar namiji guda ɗaya a sa ta cikin ƙwan mace. Allurar da ake yi mini a ciki sai da sanyi, mu kuwa ba wuta. A kula nake ajiye ta da ƙanƙara, in tura ƙarƙashin gado kada faccalata ta gani. Ranar cire ƙwai da ƙyar aka tsinci masu rai a nasa. Aka haɗa da ƙwaina, aka mayar mini a mahaifa, aka ce in jira mako biyu. Kafin ranar gwajin jini al'ada ta zo. Anti, a banɗaki na durƙusa na toshe bakina da gefen zani don kada a ji kukana, da na fito kuma na ɗora tuwon dare kamar ba komai.

Tun ranar maigidana ya canza. Abinci sai ya tsakura ya ture, ya wuni a gona sai magariba. Wani dare ya ce in ina son ya sawwaƙe mini don in samu haihuwa a wani gidan, ba zai riƙe ni ba. Wannan maganar ta fi zubewar dashen yi mini ciwo.

Yanzu likita ya ce tunda ƙwayoyin suna ta raguwa, kafin a sake gwadawa gara a riƙa karɓar maniyyin ana daskararwa, a tara. Na ce masa in aka ɗauke wuta fa? Ya ce ba a firji ake sawa ba, a tukunyar ruwan naitirojin ne mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma yana shekaru bai lalace ba, sai dai in an narkar wasu ƙwayoyin kan mutu. Akwai kuɗin ajiya da za a riƙa biya. Ya kuma ce ko magani maigidana ya sha, sai wajen wata uku a ga canji, domin tsawon lokacin da ƙwayar ke ɗauka ke nan kafin ta nuna.

Shi maigidana ya ƙi. Kunyar ɗakin da ake ba shi 'yar kwalba ta ishe shi, kuma yana tsoron a musanya nasa da na wani, nasaba ta cakuɗe. Na ji wani malami ya ce tun 1980 Azhar ta Masar ta halatta dashen tsakanin miji da matarsa muddin igiyar aure na nan, ban da na wani namiji. To ita ajiyar fa? In rai ya yi halinsa ko aure ya mutu, me za a yi da abin da aka ajiye? Ki tambayar mana malamai da likitocin da kike gayyata, har da yadda mutum zai tabbatar nasa aka yi masa aiki da shi.

Abin da ya rage mana gonar gadonsa ce, ni kuma shekaruna suna tafiya. Mu sayar mu sake, ko mu fara ajiyar mu huta tukuna? Shin in bar shi ya faɗa wa Hajiya gaskiya, ko in ci gaba da ɗaukar gorin? Kuma da wane irin lafazi zan shawo kansa ba tare da ya ji na taɓa masa mazantaka ba? Ina jiran amsarki a shirin mako mai zuwa.

'Yar'uwarki daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa