Shawara Ga Masu Fara Koyon Zane Da Fentin Mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasan da ke sha'awar zane da fentin mai, waɗanda tsadar kayan aiki ke karya wa gwiwa. Mai koyo ba ya buƙatar tarin launuka: fari, ja, rawaya, shuɗi da ruwan ƙasa sun ishe shi, haɗa su kuwa shi ne babban darasi.

Kafin a fara, wajibi ne a shafe ƙyallen da za a yi zanen a kai da farar shimfiɗa, wato farin shafe mai hana mai ratsa ƙyalle, domin man fentin yana ruɓar da zare idan ya ratsa shi. Shafen farko na fentin a tsinka shi da tina, wato sinadarin tsinka fenti, na sama kuma a ƙara masa mai, saboda idan na sama ya riga na ƙasa bushewa zanen zai tsage daga baya. Fentin yakan ɗauki kwanaki bai bushe ba, don haka lokacin hunturu a jingina zanen yana fuskantar bango saboda ƙura, a kuma buɗe taga, domin warin tina yana cutarwa.

Ina kira ga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da ya riƙa shirya wa irin waɗannan matasa gajeren horo lokacin hutu.

Naku,
Wani malamin zane, Zariya