Shekara 9 ina jinyar masu taɓin hankali, yau ni ke neman mai saurarena

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ɗawainiya da mu masu kawo miki kuka kowane mako? Allah ya saka da alheri. Tun farko ina roƙonki kada ki ambaci sunana ko unguwarmu idan za ki karanta wannan wasiƙa a shirinki. Maradi babban gari ne a ido, amma a baki ƙarami ne, kuma masu irin aikina ba mu da yawa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Damagaram na yi karatun aikin lafiya, shekara 9 ke nan ina aiki a sashen masu taɓin hankali. Ina da aure da ƴaƴa uku. Ba ni na zaɓi sashen ba, turo ni aka yi, kuma ranar da na ga takardar na yi kuka kamar an aiko mini da saƙon mutuwa. Daga baya na so aikin, so na gaskiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata kalma ce da ta fito daga bakina a wani dare cikin watan Afrilu, har yau ta hana ni sakat.

A daren ina gardi, wato aikin kwana. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar jinya, sai mai gadi da wata ɗaliba da ta zo koyon aiki, majinyata kuma 23. Kin san zafin Afrilu a garin nan, ga kuran an ɗauke, fanka ta tsaya cik. Zafi ba abin wasa ba ne a wurinmu, domin magani irin su Largactil yana rage wa jiki jure zafi, yana kuma sa jiri idan mutum ya miƙe tsaye da sauri. Sai ka yi ta zagayawa da ruwa kana lallashin mutane su sha. Wajen ƙarfe ɗaya aka shigo da wani saurayi ɗan kabu-kabu, maza huɗu na riƙe da shi, tramol ya sha ya fi ƙarfin kansa. Ina cikin haɗa allura sai ihu ya tashi a ɗakin mata. Wata yarinya ce wuyanta ya murɗe, idanunta suka kafe sama, harshe a waje, goggonta tana salati tana cewa mutanen ɓoye sun dawo. Ba aljanu ba ne, Haldol ne kan yi wa wasu haka, musamman matasa, Artane kuma ke warware shi. To amma Artane ɗin a kulle yake cikin kabad, saboda shi ma samari sun mayar da shi kayan maye, mabuɗin yana aljihuna, hannuwana biyu kuma suna kan saurayin nan.

A cikin wannan hali ne wata tsohuwa daga wajen Dakoro ta zo karo na uku tana cewa ɗanta ya ƙi barci, in zo in duba shi. Ta kamo hannun rigata. Na juyo na ce mata, "Inna, sake ni! Mahaukacinki shi kaɗai ne a duniya?"

Hajiya, wannan kalma ni ce ke hana ɗalibai faɗinta. Duk wanda ya zo koyon aiki, abin da nake fara gaya masa shi ne a nan marasa lafiya ne, kowa da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Sai ga shi ta fito daga bakina, a gaban ɗaliba, zuwa ga sa'ar mahaifiyata. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Kallona kawai ta yi ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, ɗiyata, gajiya ce," ta koma ta zauna a bakin tabarmarta. Da safe ina shirin tafiya gida ta miƙo mini ƙullin gyaɗa. Magana zarar bunu ce. Na karɓa, na kasa ce mata komai.

Ba wanke kaina nake son yi ba, amma bari ki ji yadda muke. Lokacin da na zo mu 8 ne har da majo, wato shugaban ma'aikatan jinyar sashen. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya Allah ya yi mata rasuwa, biyu sun nemi canjin wurin aiki sun samu, ba a kawo madadin kowa ba. Yanzu mu 4 ne, kwana ɗaya cikin uku a wurin aiki nake yinsa. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne a Nijar, akasarinsu kuma suna Yamai, saboda haka abubuwa da yawa da ya kamata likita ya yanke, mu suke faɗowa a ka da tsakar dare. Sababbin ma'aikata kuwa gudun sashen suke yi, wai zama da masu taɓin hankali yana shafar mutum.

Marasa lafiyar kuma ƙaruwa suke yi. Ga tramol da wiwi sun cinye mana samari. Ga kuma tun daga 2019, da ƴan bindiga suka koro mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa wajen Gidan Runji, muka fara ganin wani ciwo da ba allura ce maganinsa ba: matar da aka kashe mijinta a gabanta, magidancin da ya yi wata biyu a daji kafin a biya kuɗin fansa, yanzu ko ƙarar babur ya ji sai ya shige ƙarƙashin gado. Irin waɗannan zama suke so, a saurare su minti talatin ko arba'in. Ina zan samo minti arba'in? Bayan juyin mulkin Yuli 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, magani ya yi wuya, mutanen da muka sallama lafiya lau suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya saboda sun yi makonni ba su sha ba. Duk 10 ga Oktoba ana bikin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, a yi jawabi, a raba riguna. Ina da rigunan nan har guda biyar. Abokin aiki ɗaya ya fi mini su.

Wani abin da ke cin raina shi ne mu ne zangon ƙarshe. Sai an je wurin boka, an buga garaya wajen ƴan bori, an yi ruƙiyya, an sayar da akuya da buhun hatsi, sannan a zo mana, ba ko dala ta sayen abin da aka rubuta a ordonas, wato takardar magani. Ni ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ita nake yi. Cewa nake a haɗa da magani, a kuma daina duka da ɗauri. Har masu farfaɗiya nan ake kawo mana su, bayan shekaru ana gudun yawunsu wai ana ɗauka, alhali ba a ɗaukarta, kuma da yawansu ƙwayar Gardenal kullum ta isa ta tsayar musu da faɗuwa.

An cije ni a babban yatsa, an fasa mini tabarau sau biyu. Amma don masu sauraro, ina so a san mafi yawan majinyatanmu ba masu duka ba ne, tsoro ne ya cika su. Ba duka ne ya gajiyar da ni ba.

A gida ne na fara ganin canjin. Maigidana ɗan kasuwa ne, mai haƙuri, amma ya ce mini kwanaki, "Jikinki ne ke dawowa gida, ke kina can." Uwar mijina idan na ɗaga murya kaɗan sai ta ce ai dama an faɗa. Babbar ɗiyata ana tsokanarta a lakkol da ɗiyar likitar mahaukata, ta zo tana ba ni labari, ni kuma na mare ta a kan ta zubar da miya. Barci ya ƙaurace mini, ko ranar da ba na gardi ƙarfe biyu idona biyu ina jin kamar ana buga ƙofa. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: sau biyu na ɗauki rabin ƙwayar Valium daga wurin aiki na sha don in runtsa. Na san sarai yadda take kama mutum, da bakina nake yi wa mutane gargaɗi a kanta. Ban sake ba, amma na tsorata da yadda hannuna ya miƙa ba tare da gardama ba.

Za ki ce to me ya zaunar da ni? Akwai wani bawan Allah da aka kawo mana a amalanke daga wani ƙauye kusa da Madarunfa. Shekara uku yana cikin turu a bayan gida, ƙafarsa ta shanye, mari ya ci naman idon sawunsa, gashi ya dunƙule. Sati biyu ba ya magana. Ni nake yanke masa farce, ina yi masa hira ko ba ya amsawa. Wata safiya ina wucewa ya ce, "Malama, yau wace rana ce?" Na ce Juma'a. Ya ce yana son ruwan alwala. Hajiya, na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na yi kuka. Yanzu allurar Haldol ta wata-wata yake karɓa, yana da teburin kayan miya, ya yi aure. Duk ranar da na bi ta wajensa sai mun yi rigima kafin ya karɓi kuɗina.

Akwai kuma wata mai jego, haihuwar fari, kwana goma da sauka hankalinta ya juya, ta ce jaririn ba nata ba ne, an musanya mata. Dangin miji har sun fara maganar saki. Na zaunar da mijin na ce masa ciwo ne da kan zo bayan haihuwa, kuma ana warkewa, ya ba mu lokaci. Kullum sai in kawo jaririn in zauna kusa da ita, ban ce ta karɓa ba. Ranar da ta miƙo hannu da kanta, kakar yaron ta rangaɗa guɗa a tsakiyar sashe har mai gadi ya rugo. Da ta sake haihuwa mace, sunana aka sa. Wane albashi ne zai biya wannan? Idan na tuna su sai in ji ba ni da wurin zuwa.

Sai ga shi wurin zuwa ya samu. Wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa ta neme ni, albashin ya kusa ninka nawa, ba kwana, Asabar da Lahadi ina gida. Ƙarshen wata suke son amsa. Maigidana ya ce in karɓa, ƴaƴana ma amana ce. Mahaifina ya ce Allah ne ya ajiye ni a wurin, kuma wanda ya ga mabuƙaci ya juya baya zai amsa tambaya. Wata ƙawata ta ce idan na faɗi gobe, kafin sadakar uku an manta da ni. Da na gaya wa majo bai ce komai ba sai "Allah ya zaɓa mafi alheri," amma na ga idonsa ya tafi kan takardar rabon gardi da ke manne a bango. Idan na tafi su uku za su rage, ɗaya kuma tana da cikin wata shida. Na yi istihara, zuciyata ba ta karkata ko'ina ba. Gaba kura, baya sayaki.

Hajiya, ki gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Idan na tafi, na ci amana ne? Idan kuma na zauna a haka, ina ƙara zama mai irin wancan bakin, wa na amfana? Wani lokaci ina ganin gara majinyata su samu wadda ta gaji da su rasa kowa, wani lokaci kuma in ce haka duk masu wulaƙanta marasa lafiya suka fara, da gajiya da uzuri. Na yi tunanin in nemi hutun wata ɗaya kafin in yanke shawara, amma hutuna ƙarin kwana ne a kan abokan aikina, ƙungiyar kuma ba za ta jira ba.

Sannan ni wurin wa zan je? An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ni ina so, wanzamin ne babu. Masu duba irin damuwata a garin nan abokan aikina ne, da su muke cin abinci a kwano ɗaya. Idan na buɗe baki yau, da wane ido za su dube ni gobe ina riƙe da mabuɗin kabad? Maganar ƙwayar nan kuma, in gaya wa maigidana, ko in bar ta tsakanina da Allah tunda na daina? Ina tsoron ta kai kunnen uwar mijina.

Na ƙarshe ita ce tsohuwar nan. An sallami ɗanta da sauƙi, amma kowane wata suna zuwa karɓar allura, tun asuba suke hawo mota daga Dakoro. Sau biyu ina hango ta ina shigewa ɗakin magani har su tafi. Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya riga ya yafe ba tare da an roƙe shi ba. In durƙusa a gabanta cikin mutane, ko in ja ta gefe? In haɗa da ɗan wani abu a hannu, ko hakan zai zama kamar ina sayen bakinta? Allurar ɗanta ta faɗo ranar Talata ta sama, kuma ni ce ke aikin safe.

Idan Allah ya sa za ki amsa a wannan makon, daren shirin ina gardi, amma zan sa rediyon salulata a aljihun riga, in rage murya.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗiyarki,
daga Maradi