Baba Fasto, da wane baki zan ba da wannan shaida?

Zuwa ga Baba Fasto mai shirin ba da shawara,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan Mama da yara suna lafiya. Don Allah Baba, a sakaya sunana in za a karanta wasiƙar nan, domin waɗanda abin ya shafa suna jin shirinka.

Bara aka rage ma'aikata a wurin aikinmu, abin ya rutsa da ni. Ban gama farfaɗowa ba sai 'yata ta fari ta kwanta, likitoci suka ce sai an yi mata aiki da gaggawa. 'Yan'uwa a ikkilisiya sun tsaya mana. Matan zumunta suka riƙa taya matata kwana a asibiti, matasa suka ba da jini, wani dattijo da ko gaisuwa ba ta cika haɗa mu ba ya damƙa mini ambulan, ya juya bai ce uffan ba. Duk da haka kuɗin bai kai ba.

To, akwai amana a hannuna. Kafin wana ya rasu, ni ya bar wa kuɗin karatun 'ya'yansa. Na ciri fiye da rabi na biya asibiti. Ban tambayi matarsa ba, tawa matar ma har yau ba ta sani ba. Na ce wa zuciyata ai rance ne.

Yarinya ta tashi, Baba, har ta koma makaranta, ni ma na sami wani aikin ko da yake bai kai na da ba. Ba na ko shakka Ubangiji ne ya riƙe mu. Daren da aka shiga da ita ɗakin tiyata, ina zaune a benci da takalmanta a hannuna, ba abin da bakina ya iya furtawa sai Makoki 3:22-23, cewa jinƙansa ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya. Wanda ya rubuta wannan kuwa Urushalima yake kallo a rushe.

Yanzu Fastonmu ya ce in tsaya a sujadar godiya in ba da shaidar amincin Allah. Matar wana tana ƙungiyar mawaƙa, a gabana za ta zauna. Ita ce ta fi kowa kukan murna ranar da aka sallame mu. Babban ɗanta kuma yana jiran shiga jami'a, ba da jimawa ba za ta ce in kawo kuɗi.

Na yi kuka a gaban Allah, na yi addu'a da Zabura 51 har na kusa haddace ta. Na san 2 Timoti 2:13 ta ce ko mun yi rashin aminci, shi mai aminci ne, don ba zai yi musun kansa ba. Amma na ci karo da Littafin Firistoci sura 6, inda aka ce wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar da shi cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Mai haƙƙi tukuna, kafin bagade. Yesu ma haka ya faɗa a Matiyu 5:23-24. Tun daga nan na daina cin Jibin Ubangiji. In tiren ya iso kaina sai in miƙa gaba, matata ta kalle ni, in sunkuyar da kai.

Wani abokina ya ce in riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan a asirce, me zai sa in tayar da ƙura a gidan marayu? Na fara mayarwar, amma hankalina bai kwanta ba. Gani nake mutuncina nake karewa, ba zuciyar baiwar Allah ba.

Abin da ya fi hana ni barci ma ba wannan ba ne. In aka mayar da ni wancan daren, ga 'yata kwance, ga kuɗin a hannuna, ban tabbata zan iya ƙin taɓa su ba. Ina baƙin cikin ɓoyewar da na yi, ina baƙin cikin raina Allah da na yi kamar ba shi da wata hanya sai ta haƙƙin marayu. Amma ba zan iya baƙin cikin ganin 'yata da rai ba. Baba, mai irin wannan zuciyar ya tuba kuwa, ko yaudarar kansa yake yi?

In faɗa zan yi, wa zan fara tunkara, matata ko matar wana? In je ni kaɗai, ko in nemi wani dattijon ikkilisiya ya raka ni? Shaidar kuma, in roƙi Fasto a ɗaga ta har sai na gyara tsakanina da gidan wana? Ranar godiyar ta matso, kuma ban ba shi amsa ba tukuna.

Ɗanka cikin Almasihu,
Wani mai sauraro