Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sabon Matuƙin Jirgi Mai Saukar Ungulu Da Ke Neman Aikin Farko

Ƙanena, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji tambayar da ka aiko mini a shirin rediyon da aka gayyace ni, wadda ƙarancin lokaci ya hana ni amsa ta yadda ya kamata. Ka ce ka kammala koyon tuƙi a Afirka ta Kudu, kana da awa 160 a kan ƙananan jirage Robinson R22 da R44, hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ba ka lasisin Nijeriya, amma kusan shekara ke nan kana aika takardun neman aiki babu wanda ya ce maka ci kanka. Sannan ka tambaya ko ya dace gidanku su ci bashi domin ka biya wa kanka horon tuƙa AW139, wani jirgi mai inji biyu, tunda shi ne jirgin da ka fi gani a Legas da Fatakwal. Na zaɓi in amsa maka a fili saboda ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Kada ku ci wannan bashi, sai fa idan akwai kamfanin da ya ba ka takardar ɗaukar aiki a rubuce, ya kuma gindaya horon a matsayin sharaɗi. Izinin tuƙa wani nau'in jirgi ba kadara ba ce da ake ajiyewa a akwati. Duk shekara sai an sabunta shi da jarrabawa, kuma hannun da bai taɓa jirgin ba bayan kammala horo yana mantuwa cikin 'yan watanni. Wanda ya kashe dubban daloli ya samo izinin AW139 alhali ba shi da ko awa guda ta ainihin aiki a kansa, tamkar wanda ya sayi sirdi ne ba shi da doki, ga shi kuma sirdin nasa yana ruɓewa.

Ya kamata ka san wanda ke yanke hukunci a wannan sana'a, domin ba shugaban matuƙan da kake aika wa takarda ba ne shi kaɗai. Mafi yawan aikin jirgi mai saukar ungulu a ƙasar nan jigilar ma'aikatan mai ne daga Legas da Fatakwal da Warri zuwa rijiyoyin teku irin su Bonga da Agbami da Egina. Kamfanonin mai ne ke ba kamfanonin jirage irin su Bristow da Caverton kwangila, kuma a cikin kwangilar suke rubuta yawan awoyin da kyaftin da mataimakinsa za su mallaka kafin su ɗauki ma'aikatansu, bayan nasu sharuɗɗan da masu inshora ke ƙarawa. Awa 150 da dokar ƙasa da ƙasa ta nema kafin a ba da lasisin kasuwanci ta isa ta halasta maka karɓar albashi, amma ba ta isa ta gamsar da waɗannan mutane ba. Sannan kasuwar kanta tana bin farashin mai sau da ƙafa. Lokacin da ganga ta faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, an ajiye jirage da dama, kamfanin jirage na CHC ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2016, Bristow ma ya bi sahu a Amurka a 2019, kuma kyaftin masu dubban awoyi sun zauna a gida. Shirun da kake ji ba lallai ne ya zama hukunci a kan iyawarka ba.

A Amurka akwai tsani sananne: sabon matuƙi ya zama malami, wanda a kan jiragen Robinson sai yana da awa 200, ya yi ta koyarwa har ya kusanci awa 1,000, daga nan ya koma ɗaukar masu yawon buɗe ido a Grand Canyon ko Alaska. A Afirka ta Kudu ma ka ga yadda ake amfani da ƙananan jirage wajen bin sawun motocin sata da kora namun daji, sai dai takardar izinin aiki tana wahalar da baƙo. Mu nan ba mu da wannan tsani, domin makarantu kaɗan ne, kamar ta Inugu, kuma ƙananan jirage ba su da kasuwa. Jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tashi daga Maiduguri zuwa Monguno da Ngala ma na haya ne, da matuƙansu suke zuwa. Ƙofarka ta gaskiya ita ce kujerar hagu, wato ta mataimaki a jirgi mai inji biyu, a kamfanin da zai horar da kai da kuɗinsa. Dokar 2010 da ta wajabta fifita 'yan ƙasa a harkar mai tana bayanka a nan, ko da yake doka ba ta ƙirƙiro gurbin da babu.

Idan akwai kuɗin da za a iya tarawa ba tare da an sayar da gona ba, a zuba shi a kan izinin tuƙi da na'ura, wato iya tafiya cikin gajimare ko hazo ba tare da ganin ƙasa ba. A teku, lokacin damina ko lokacin da ƙurar hunturu ta sauko har gaɓa, sama da ruwa sukan haɗe su zama launi ɗaya, kuma babu kamfanin da zai dube ka ba tare da wannan izini ba. Ka riƙa sabunta takardar lafiyarka ta aji na ɗaya kafin ta ƙare, ka kuma riƙa yin 'yan awoyi lokaci zuwa lokaci, domin kira yakan zo ne ba zato, a ce ka bayyana cikin mako.

Akwai abin da yaranmu na Arewa ba su cika shirya masa ba, shi ne ruwa. Kafin ka fara aikin teku sai ka ci horon tsira daga jirgin da ya faɗa ruwa. Za a ɗaure ka da bel a cikin gangar jirgi ta gwaji, a nutsar da ita a tafkin wanka, a kifar da ita kanka ya koma ƙasa, ruwa na shiga hancinka. Abin da ake so shi ne ka ɗora hannu ɗaya a kan taga, ɗaya a kan maɓallin bel, ka jira sai motsi ya tsaya, ka ture tagar, sannan ka kwance kanka ka fita. Wanda ya rikice ya riga kwance bel ɗin, nan take zai rasa inda sama take. Ka koyi iyo tun yanzu, ba shi da tsada.

Sai kuma batun kusanci, wanda ni a ganina ya fi komai. Takardar da ta zo ta intanet ɗaya ce cikin tuli, amma yaron da ake gani kullum a ofishin tsara tashin jirage, yana lissafin nauyin fasinja da kaya da mai, yana karɓo rahoton yanayi, shi ake fara tunawa idan gurbi ya buɗe. Idan ka sami irin wannan aiki na ƙasa a Ikeja ko Fatakwal ka karɓa, kada girman lasisi ya hana ka, kuma ka girmama injiniyoyi, domin maganarsu tana isa kunnen manya fiye da yadda kake zato. Sana'ar ƙarama ce, kowa ya san kowa, shi ya sa nake gargaɗinka da kada ka ƙara ko minti goma a littafin awoyinka. Ana buga waya a tambayi makaranta, kuma wanda aka kama sau ɗaya ya gama.

Ranar da aka kira ka gwaji, za a iya sa ka cikin na'urar kwaikwayon jirgin da ba ka taɓa tuƙawa ba, kuma sun san da haka. Abin da suke dubawa shi ne ko kana sauraro, ko kana bin takardar matakai layi bayan layi, da ko za ka iya buɗe baki cikin ladabi ka gaya wa kyaftin cewa jirgi ya yi ƙasa da yawa. Tarbiyyarmu ta hana yaro gyara wa babba magana, amma a cikin jirgi wannan kunyar tana kisa.

Idan aka ɗauke ka, za a ba ka yarjejeniyar zama na wasu shekaru a madadin kuɗin horo. Ka kai wa lauya ya karanta, ka tabbata bashin yana raguwa duk shekara, ka kuma san abin da zai faru idan kamfanin ne da kansa ya sallame ka. Ka nuna wa Baba wannan wasiƙa kafin a sake tayar da maganar bashi, ka miƙa masa gaisuwata. Allah Ya ba da sa'a.

Yayanka,
Tsohon matuƙi