Malam Edita, a kan muhawarar Kiristanci da jinin da aka zubar a tarihi

Assalamu alaikum Malam Edita, barkanku da ƙoƙari.

Na saurari muhawarar da kuka sa kan ko addinin Kirista ne ke da alhakin kashe-kashe da zaluncin da aka yi a tarihi, kuma gaskiya raina bai kwanta da yadda baƙin naku biyu suka ɗauki maganar ba. Ɗaya ya dage wai duk jinin da Turawa suka zubar daga Ƙudus har Amurka a wuyan Kiristanci yake, ɗayan kuma ko me aka kawo masa sai ya ce ai waɗannan ba Kiristocin gaskiya ba ne, ya wuce abinsa. Ni Musulmi ne, amma dukkansu biyun ban yarda da su ba, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Bari in fara da shi mai cewa ba Kiristocin gaskiya ba ne. Haba malam, Fafaroma Urban na biyu ne fa da bakinsa ya yi kiran yaƙin Salibiyya a garin Clermont na Faransa a 1095, ya kuma yi alkawarin gafara ga wanda ya fita. In shugaban coci ba ya wakiltar coci to waye zai wakilta? Tun rundunonin ba su bar Turai ba wasunsu suka auka wa Yahudawan garuruwan Mainz da Worms na Jamus a 1096 suka yi masu kisan gilla. Da suka ci Ƙudus a 1099 abin da ya faru ko marubutansu ba su ɓoye ba, akwai Musulmin da suka hau rufin masallacin Al-Aƙsa don neman tsira, ɗaya daga cikin shugabannin yaƙin mai suna Tancred ya ba su tutarsa alamar an ba su aminci, suka kwana da wannan tutar suna ganin sun tsira, gari na wayewa wasu mayaƙan suka hau suka karkashe su maza da mata. Wannan ba abu ba ne da mutum zai share da kalma ɗaya.

Haka maganar bauta. A 1452 Fafaroma Nicholas na biyar ya ba sarkin Fotugal takardar izini ya yaƙi Musulmi da waɗanda suke kira arna ya mayar da su bayi na har abada, kuma muna sane da inda jiragen Fotugal suka nufa bayan nan. Kotun binciken aƙida ta Sifaniya da aka kafa a 1478 malaman coci ne ke zama a cikinta. A 1492 aka kori Yahudawa daga ƙasar, daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kori jikokin Musulmin Andalus kusan dubu 300 duk da cewa an riga an tilasta wa kakanninsu yin baftisma. Kuma ba Katolika kaɗai ba, a Geneva ta 'yan Furotesta an ƙona Michael Servetus da ransa a 1553 saboda ya ƙi aƙidar Allah uku cikin ɗaya. Har ma akwai malamansu manya da suka nemo wa tilastawar hujja a littafi, Augustine ya kafa hujja da ayar nan ta Linjilar Luka mai cewa a tilasta masu su shigo, don a matsa wa wata ƙungiyar Kirista da ta ɓalle a arewacin Afirka. Duk Kiristan da ke son a ɗauki maganarsa da muhimmanci sai ya fara amsa waɗannan tukuna.

To amma shi ma ɗan'uwana da ya ɗora komai a kan addinin, ina da tambayoyi gare shi kuma su ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

In a cikin addinin ne kisan yake, me ya sa kusan shekara 300 na farko Kiristoci ne ake kashewa ba su ke kisa ba? Sarki Nero ya ƙone su a Rum, sarki Diocletian ya rushe majami'unsu daga 303, su kuwa Kiristocin ba su da soja ba su da kurkuku. Littafin da ke hannunsu a lokacin shi ne dai wanda ke hannun 'yan Salibiyya daga baya, da maganar ka ƙaunaci maƙiyinka a ciki, da maganar da aka ce Annabi Isa alaihissalam ya faɗa wa almajirinsa cewa mai da takobinka kube. Abin da ya canja shi ne mulki. A 313 sarki Constantine ya halatta addinin, a 380 Theodosius ya mai da shi addinin daula, daga nan sai saɓa wa bishop ya zama saɓa wa sarki, sai takobi ya shigo. Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar, ranar da malamin addini ya samu soja a bayansa shi kuma sarki ya samu malami mai wanke masa duk abin da ya ga dama.

Kuma a duba su wa aka kashe mana. A 1204 'yan Salibiyyar da suka fito wai za su ƙwato Ƙudus, birnin Kustantiniya suka je suka wawashe, birnin Kiristoci 'yan'uwansu, har babbar majami'ar Hagia Sophia ba su ƙyale ba, kuma a bayan lamarin akwai bashin kuɗin jirage da 'yan kasuwar Venice ke bin su. Yaƙin shekara 30 da aka yi a Jamus daga 1618 zuwa 1648 ana ce masa yaƙin addini, amma Faransa ta Katolika wadda babban malamin coci Richelieu ke juya ta, bayan Sweden ta 'yan Furotesta ta goya don ta karya gidan sarautar Habsburg na Katolika. Tun kafin nan ma sarkin Faransa ya ƙulla ƙawance da Sarkin Musulmi Sulaiman na daular Usmaniyya a 1536. Wane irin yaƙin aƙida ne wannan in ba neman ƙasa da iko ba?

Akwai kuma mutanen da ba a ambata ko sau ɗaya a shirin ba, abin ya dame ni ƙwarai. A 1511 wani limamin coci mai suna Montesinos ya hau mumbari a Santo Domingo, wani gari a yankin Amurka da Sifaniyawa suka mamaye, gwamna da manyan masu gonaki na zaune a gabansa, ya tambaye su da wane haƙƙi suke bautar da 'yan asalin ƙasar, shin su ba mutane ba ne, ya ce masu suna cikin zunubi mai halakarwa. Suka fusata suka nemi ya janye, mako na zagayowa ya sake hawa ya maimaita. Bartolomé de las Casas, wani limamin coci ɗan Sifaniya wanda shi kansa yana da mutanen da ke masa aikin tilas, ya sake su a 1514 ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da wannan zalunci, duk da cewa shi ma da farko ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka, abin da ya yi nadamarsa daga baya. Wilberforce ɗan majalisar Ingila da Kiristocin ɗariƙar Quaker da suka yi ta fafutuka har Ingila ta hana cinikin bayi a 1807 da littafin nan suka kafa hujja. A Afirka ta Kudu wata coci ta fararen fata ta ɗaure wa wariyar launin fata gindi, Desmond Tutu da ya yi gwagwarmaya da wariyar kuma limamin coci ne. In an rubuta wa addinin laifin na farko, aikin na biyun fa a littafin wa za a rubuta shi?

Sannan Stalin na Tarayyar Sobiyet da Pol Pot na Kambodiya ba su zuwa coci ba su zuwa masallaci, miliyoyi suka mutu a hannunsu.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne 'yan'uwana Musulmi da na ji suna murna da maganar baƙon farko. Wallahi wannan ma'aunin da kuke tafa wa shi ne ake auna mu da shi kullum, wani ya tayar da bam ya yi kabbara sai a ce ga Musulunci nan, mu kuma mu yi ta rantsuwa cewa ba haka addininmu ya koyar ba. Ta yaya za mu nemi a bambance mana tsakanin addini da aikin mabiyansa mu kuma mu hana wasu? Laifi tudu ne. Mu ma tarihin daulolinmu akwai jini da bayi a ciki. Alƙur'ani ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, ya kuma ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, to Kiristan yau da bai taɓa jin sunan Tancred ba me ya haɗa shi da rufin Al-Aƙsa?

Wanda za a bi bashi shi ne hukumar da ta sa hannu a takarda, coci ce ko gwamnati, tunda su suna nan ba su mutu ba. Fafaroma John Paul na biyu ya nemi gafara a bainar jama'a a watan Maris na 2000, Fafaroma Francis ya je Kanada a 2022 ya nemi afuwar 'yan asalin ƙasar kan makarantun kwana da aka raba 'ya'yansu da su, sai a 2023 fadar Vatican ta fito ta nesanta kanta da aƙidar da aka gina kan takardun nan na ƙarni na 15 masu halatta ƙwace ƙasashen mutane. An makara sosai amma dai an faɗa. Ita kuwa Sifaniya a 2015 ta yi doka ta ba jikokin Yahudawan da aka kora damar zama 'yan ƙasa, wanda daidai ne, amma jikokin Musulmin Andalus da ke Maroko da Aljeriya da Tunisiya ba a saka su ciki ba, kuma majalisar dokoki ce ta yanke wannan ba wani bishop ba. Dan Allah ku nemo masanin tarihi ya yi mana bayanin dalili.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum.